Filin Tambayoyinku: Shagona, bangona, allona, ina ruwan hukuma?

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, guda 5 duk a kan allon shago suke, wanda wasu ke kira sambodi. Edita ya turo mini su saboda ya san sana'ata ce. Shekara 22 na yi a cikinta, na fara da burushi da gwangwanin fenti, na ƙare da injin yanka sitika, kuma rabin furfurar da ke kaina a kan bencin ofishin tsara birni ta fito, ina jiran a buga wa zanen wani hatimi. Na gajarta wasiƙun, na kuma cire sunaye.

Tambaya: Malam, wata 3 ke nan da na buɗe shagon ɗinki. Na sa an yi mini allo mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1 a saman ƙofa, da wani ƙarami da ya leƙo kan hanya don masu wucewa su gani ta kowane ɓangare. Sai ga takarda daga hukumar birni, wai ba ni da izini, in cire cikin kwana 14 ko su cire su ci ni tara. Hayar shago ni na biya, allo da kuɗina aka yi, sunana ne a jiki. Ina ruwansu?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya albarka a shagon. Kafin mu zo ga ina ruwansu, kada ki cusa takardar nan a aljihun keken ɗinki ki ce sai kin huce. Kwana 14 ɗin ba sa jiran fushin kowa. Gobe da safe ki ɗauke ta ki tafi ofishin da ya aiko, ki nemi wanda sunansa ko sashensa ke ƙasan takardar, ki yi masa tambaya guda: za a iya neman izinin allon da aka riga aka kafa, ko sai an sauke tukuna? A wurare da yawa ana karɓar takardar nema ko da allo na sama, kuma idan an karɓa akan dakatar da maganar cirewa har a yanke hukunci. Ki ce a rubuta miki ranar da kika zo a jikin kwafinki.

To, ina ruwansu? Bango na mai gida ne, haya kin biya, babu gardama. Amma wannan ƙaramin allon da ya leƙo ya bar bango, yana rataye ne a kan hanyar da jama'a ke bi, kuma wannan sararin ba ya cikin hayarki. Duk wanda ya bi ta ƙarƙashinsa, yaro mai zuwa makaranta ne ko makaho da sandarsa, ya ba da amanar kansa ga kusoshi biyu ko huɗu da bai san wanda ya ɗaura ba.

Mutane ba sa yarda da ƙarfin iska sai an yi musu lissafi. Iska mai gudun kilomita 100 a awa, irin wadda ke zuwa gaban hadari mai ƙarfi, tana danna kowane murabba'in mita na allo da nauyin da ya haura kilo 50. Babban allonki murabba'in mita 3 ne. Da a fili yake tsaye a kan ƙafafu, da sama da kilo 150 ke tura shi, kamar ƙarti biyu sun jingina da shi lokaci guda. Kuma idan gudun iska ya ninka, ƙarfin ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. Sa'arki shi ne babban yana manne da bango, iska ba ta samun bayansa sosai. Ƙaramin ne ya fi tayar mini da hankali. Ki riƙe bokitin ruwa kusa da jikinki, sannan ki miƙe hannu da shi, za ki ji abin da kusoshin nan ke ji duk lokacin da iska ta kaɗa. Ƙara da tsatsar damina uku ko huɗu.

Wannan rigima ta girme mu duka. Titunan Landan da Faris na da can cike suke da manyan alluna na katako da ƙarfe da suka leƙo har tsakiyar hanya, kowane ɗan kasuwa na son nasa ya fi na maƙwabci, suna tare haske, suna yin ƙara cikin dare, wasu na faɗowa kan mutane. Faris ta hana su a 1761, Landan ta bi sahu a 1762, aka ce kowa ya manna nasa a jikin bango. A Ingila ta yau, dokar tallace-tallace ta 2007 ta taƙaita wa hukuma abubuwa biyu kacal da za ta duba idan an nemi izini: kare jama'a daga haɗari da kyan wuri. Ba ta da hurumin cewa sunan shagonki bai yi mata daɗi ba. An ba ta mako 8 ta ba da amsa, kuma izinin yakan yi shekara 5. Kowace ƙasa da tata doka, kowane gari da nasa adadi, amma duk ofishin da na taɓa shiga, idan ka tone tambayoyinsu, waɗannan biyun ne a ƙasa.

Shi ya sa abin da za ki kai musu kusan iri ɗaya ne ko'ina. Hoton gaban ginin gaba ɗaya, a ɗauka daga tsallaken titi yadda maƙwabta na dama da hagu za su fito. Zanen allon da awonsa: tsawo, faɗi, kauri, nisan da ya leƙo daga bango, da tazarar da ke tsakanin ƙasansa da daɓen hanya. Wannan awon na ƙarshe shi ne ke kayar da mutane. Garuruwa da yawa suna neman ƙafa 8, wato wajen mita 2.4, wasu ma fiye. Sai bayanin abin da aka yi allon da shi da yadda aka ɗaure shi, kusoshi nawa, wane kauri, a cikin kankare suka shiga ko a cikin filasta kawai. Sai takardar amincewar mai gida da sa hannunsa, da shaidar rajistar sana'arki. Idan allon babba ne ko yana tsaye a kan ƙafafunsa, za a nemi lissafin injiniya, a wasu wuraren har da inshora. Wanda ya yi miki allon shi ya kamata ya ba ki zanen nan ba tare da kin roƙa ba. In ya ce ba shi da shi, to da ka ya yi aikin, ki sa ya zo da tef ya auna ya zana.

Ba ina faɗa daga kan tudu ba ne. A shekarata ta 6 a sana'a na yi wa wani mai shagon tabarau allo mai leƙowa, akwatin ƙarfe mai fuska biyu, na kwana 9 a kansa, har yau ina ganin ba a yi mai kyansa a wannan layin ba. Ban tambayi kowa ba. Mai duba aiki ya zo da tef ɗinsa, bai ko kalli rubutun ba, ya auna ya ce ya wuce iyaka da santimita 40. Santimita 40 ɗin nan su ne haruffa biyu na ƙarshen sunan mutumin. Akwati ba ya raguwa kamar wando. Na sauke, na sake sabo da kuɗina, tsohon ya shekara 3 a bayan rumfata kaji na kwana a ciki. Tun daga ranar ba na yanka ƙarfe sai takarda ta je ofis ta dawo. Gyara a takarda fensir da abin gogewa ne, gyara a ƙarfe kuwa kuɗin wata guda ne.

Shawarata gare ki: ki kwance ƙaramin yau, noti huɗu ne, ki ajiye a cikin shago. Ki nemi izinin duka biyun a fam ɗaya. Ma'aikacin da ya ga kin sauke mai haɗarin da kanki ba zai kalle ki da idon mai taurin kai ba.

Tambaya: Wani ya zo shagona ya ce shi yake yi wa 'yan layinmu takardun allo. Na ba shi kuɗi, ya kawo mini rasit mai hatimi. Yanzu wasu ma'aikata sun zo sun ce ba su san wannan takarda ba. Wa ya cuce ni?

Amsa: Ɗan'uwa, ban ga takardar ba, amma akwai hanyoyi uku da hakan ke faruwa, kuma ɗaya ce kawai damfara tsagwaronta. Ta farko ita ce rasit na bogi, wannan sai ka bi mutuminka. Ta biyu, wadda ta fi yawa, ita ce rasit ɗin na gaske ne amma ba izini ba ne. Rasit yana cewa an karɓi kuɗi. Izini yana cewa an duba wannan allo, mai wannan awo, a wannan adireshi, an yarda. Takardar izini ta gaske tana ɗauke da lamba, da awon allon, da adireshi, da ranar ƙarewa, da sharuɗɗa a baya. Idan taka ba ta faɗi girman allonka ba, to babu wanda ya duba shi. Wasu biranen ma kuɗi biyu suke karɓa, na duba takarda sau ɗaya, da harajin allo na shekara-shekara, kuma biyan na biyun bai wanke ka daga na farkon ba.

Ta uku ita ce takardar ta fito daga ofishin da ba shi ke da ikon ba. Titi ɗaya yakan kasance da iyayen gida da yawa: hukumar birni, hukumar manyan hanyoyi idan babbar hanya ce, masu kula da tsofaffin gine-gine idan unguwar ta tarihi ce, masu kasuwa idan a cikin rukunin shaguna kake. Ka tuna abin da ya faru a Mumbai ta Indiya ranar 13 ga Mayu, 2024. Guguwa ta kayar da wani ƙaton allon talla a kan gidan mai a unguwar Ghatkopar, mutum 17 suka rasu, sama da 70 suka jikkata. Allon ƙafa 120 ne tsawo da faɗi, alhali iyakar da hukumar birnin ta sa ƙafa 40 ce. Hukumar ta ce ba ita ta ba da izini ba, amincewar daga 'yan sandan jirgin ƙasa ta fito, waɗanda filin ke hannunsu. Takarda dai akwai ta. Ba ta hana ƙarfe faɗuwa ba.

Ka ɗauki takardarka ka je ofishin da sunansa ke kanta, da ƙafarka, ka ce a duba maka lambar a rajista. Minti goma ne. Nan gaba kuma, ko za ka aiki wani, fam ɗin ya fita da sunanka, kuɗin kuma ya shiga asusun hukuma kai tsaye. Ban ce duk mai yi wa mutane zirga-zirgar takardu macuci ba ne, ni ma na yi wa abokan cinikina shekara da shekaru. Amma mai gaskiya ba ya jin haushi idan ka ce za ka bi shi ofis.

Tambaya: Na karɓi hayar shagon da wani ya tashi. Ya bar firam ɗin allonsa, ni rubutun kawai zan canza. Mai gida ya ce tsohon yana da izini, ba sai na nema ba. Gaskiya ne?

Amsa: Wataƙila. Ka ce wa mai gida, cikin ladabi, Alhaji a nuna mini takardar. In ta fito, ka duba ranar ƙarewa, ka duba sunan wa ke kai, sannan ka auna firam ɗin ka gwada da awon da ke rubuce, domin na sha ganin an nemi izinin mita 2 an kafa mita 3. Wasu garuruwan suna ɗaure izini da ginin, canjin rubutu ba ya buƙatar komai muddin girma da wuta ba su canza ba. Wasu suna ɗaure shi da mai sana'a, da ya tashi izinin ya mutu.

Akwai tarko guda da ya kamata ka sani. Idan an kafa allo bisa tsohuwar doka, daga baya doka ta tsananta, akan bar tsohon ya ci gaba da zama a matsayin wanda ya riga doka. Amma wannan alfarma mai rauni ce. Ka sauke firam ɗin don fenti, ko ka ƙara masa taƙi ɗaya, ko shagon ya daɗe a rufe, sai a ce sabon allo ne, ya bi sabuwar doka. Saboda haka kada ka taɓa noti ko ɗaya kafin ka tambaya.

Sannan ka hau tsani da kanka ko ka sa mai walda ya hau. Firam ɗin da ka gada ba ka san shekarunsa ba, tsatsa kuma daga ciki take ci, ta bar fenti yana murmushi. Ka sa sukundireba ka danna gindin ƙarfen inda ruwa ke kwanciya. In ya lotsa, ka manta da shi. Ku kuma rubuta a takardar haya wa ke da alhakin gyara, wa zai sauke ranar tashi, wa zai toshe ramukan bango. Ranar da allo ya faɗo kan motar wani, kai da mai gida kowa zai nuna ɗan'uwansa da yatsa, sunan da ke jikin allon kuwa naka ne.

Tambaya: Ina son in sa allo mai wuta, irin mai rubutu yana gudu yana canza launi. Shagona yana kusa da mahaɗar titi. Wani ya ce ba za a ba ni ba.

Amsa: Wanin nan ya san abin da yake faɗa. Wuta tana canza ajin allo gaba ɗaya. Allon da ba ya buƙatar izini idan fenti ne yakan buƙata da zarar an sa masa ƙwan fitila, kuma akan nemi takardar mai aikin lantarki mai lasisi daban. Kusa da mahaɗa kuwa matsalar ta ninka. Direba mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Ka ɗauke masa ido daƙiƙa 2, ya yi mita 28 bai kalli gabansa ba. Ga ja da kore da ruwan ɗorawa, waɗanda su ne launukan danja. Da dare, cikin ruwan sama, jan rubutunka da jan danja ba su da bambanci daga nesa. Ga kuma mutanen da ke kwana a benen da ke fuskantarka, waɗanda ɗakinsu zai koma ja da shuɗi har asuba. Yawancin ƙorafin da ke kai ma'aikata ƙofar shago daga irin waɗannan maƙwabtan yake fitowa.

Birane sun sha bamban ƙwarai a nan. Kiyoto ta Japan ta hana alluna masu ƙyaftawa da na kan rufin gini a 2007, ta ba 'yan kasuwa shekara 7 su gyara. A dandalin Times Square na Niyok kuwa, tun 1987 dokar gini ce ta wajabta wa sababbin gine-gine su sa alluna masu wuta. Ka ga ba a yin fatawa ɗaya. Abin da zan ce ka nema shi ne wuta tsayayya, fara ko mai ɗumi, a cikin akwati ko a bayan haruffa, da na'urar rage haske da agogon da zai kashe ta bayan an tashi. Ka rubuta waɗannan a fam ɗin tun kafin a tambaye ka. Ni a raina ma rubutu mai gudu asarar kuɗi ne, mai wucewa yana kama rabin kalma ne ya wuce.

Tambaya: An ba ni izini amma an rage mini girman allo da kusan rabi. Maƙwabcina nasa ya ninka nawa. In ɗaukaka ƙara?

Amsa: 'Yar'uwa, kina da hakkin yin haka, kuma wa'adinsa yana rubuce a takardar da aka ba ki, yawanci gajere ne. Amma kada hujjarki ta zama maƙwabci. Ko nasa ya riga doka, ko gaban shagonsa ya fi naki faɗi, tunda galibi da faɗin gaban shago ake lissafa girman allo, ko kuma ba shi da izini sam, kin ga kin tona masa asiri ba ki ƙaru da komai ba sai gaba. Hujjar da ake saurara ita ce ta wurin: shagon ya shige ciki daga titi, bishiya ko turken lantarki ya tare, an yi kuskuren auna gaban ginin.

Kafin ki kashe kuɗi a ƙara, ki duba abin da kika cusa a allon. Sao Paulo ta Birazil ta kafa dokar tsabtace birni a 2006, ta fara aiki a 2007, aka sauke manyan allunan talla wajen 15,000. Shagon da gabansa bai kai mita 10 ba, murabba'in mita 1.5 kawai aka yarda masa. Birni ne mai mutum sama da miliyan 11, kuma ciniki bai tsaya ba. Mu a sana'a muna lissafin cewa harafi mai tsayin santimita 2.5 yana karantuwa cikin sauƙi daga mita 3, saboda haka mai santimita 25 ya isa a karanta daga mita 30. Zanen da kika haɗo da wasiƙarki yana da suna, da taken shago, da jerin kaya 11, da lambar waya 3, da hoto. Ki bar suna da kalma biyu masu faɗin abin da kike sayarwa, da lamba ɗaya. Jerin kayan ki mai da shi jikin gilashin ƙofa daga ciki, inda mai tsayawa zai karanta, bayan kin tambaya ko akwai iyakar abin da ake rufewa na gilashi, don wasu garuruwan suna da ita. Na gwada da rula a kan zanenki: a cikin rabin da aka ba ki, haruffan sunan za su kai santimita 30. A babban da kika nema, santimita 18 ne.